Google da Meta a gaban alƙali: an ga laifi, an kasa ɗaga wuƙa

A watan Agustan 2024, Mai shari'a Amit Mehta na wata kotun tarayya da ke Washington ya yanke hukuncin cewa kamfanin Google ya yi babakere a harkar bincike a intanet, kuma ya karya doka wajen kare wannan matsayi. Kusan kashi 90 cikin 100 na binciken da Amurkawa ke yi ta hannun Google yake bi. Shaidun da aka gabatar sun nuna cewa a 2021 kaɗai kamfanin ya kashe fiye da dala biliyan 26 yana biyan masu ƙera waya da masu manhajar shiga intanet domin nasa ya zama na farko da mutum zai tarar. Apple shi kaɗai ya karɓi dala biliyan 20 a 2022.

Da aka zo maganar magani, sai hannun alƙalin ya yi sanyi. Ma'aikatar shari'a ta Amurka ta nemi a tilasta wa Google sayar da manhajar Chrome. A Satumbar 2025 Mehta ya ƙi. Ya haramta yarjejeniyoyin da ke toshe wa kishiyoyi hanya, ya umarci kamfanin ya raba wasu bayanan bincike da abokan gogayyarsa, amma ya bar shi da Chrome da Android, ya kuma bar shi ya ci gaba da biyan Apple. Hujjarsa ita ce ƙirƙirarriyar basira irin ta ChatGPT ta fara sauya kasuwar tun bayan shigar da ƙarar a 2020. Washegari farashin hannun jarin kamfanin ya yi sama.

Bayan wata biyu Meta, kamfanin da ke da Facebook, ya tsira baki ɗaya. Hukumar kula da ciniki ta Amurka, FTC, ta so a raba shi da Instagram da WhatsApp, amma Mai shari'a James Boasberg ya ce hukumar ta kasa nuna cewa kamfanin na babakere a yau, tunda ga TikTok da YouTube suna janye masa jama'a.

Me ya sa kotuna ke jan ƙafa haka, alhali Amurka ta taɓa daddatsa manyan kamfanoni? Dokar Sherman ta 1890 ita aka yi amfani da ita aka raba Standard Oil gida 34 a 1911. A 1984 aka raba kamfanin tarho na AT&T, aka fitar da kamfanoni bakwai na yankuna, farashin kiran nesa ya sauka, sababbin 'yan kasuwa suka samu wurin sa ƙafa. Sai dai daga ƙarshen shekarun 1970 tunanin alƙalai ya karkata ga ra'ayin masanin shari'a Robert Bork, wanda ya ce abin dubawa shi ne ko mai saye ya cutu, musamman ta hauhawar farashi. Wannan ma'auni ya yi wa kamfanonin fasaha daɗi ƙwarai. Ta yaya za a nuna farashi ya hau a kan abin da ake bayarwa kyauta? Mai amfani da Facebook ba ya biyan ko kwabo. Da bayanansa da lokacinsa yake biya, kuma wannan ba ya fitowa a rasit. Lina Khan, wadda ta soki wannan tunani tun tana ɗalibar shari'a a 2017 sannan ta shugabanci FTC daga 2021, ta girgiza muhawarar, amma ba ta sauya kotuna ba.

Sai kuma jinkiri. Shari'ar Google ta ci shekara biyar kafin a kai ga magani, ga ɗaukaka ƙara na jira. A duniyar manhaja, shekara biyar zamani ne guda. Haka aka yi da Microsoft: a 2000 alƙali ya ba da umarnin raba shi biyu, a 2001 kotun ɗaukaka ƙara ta soke, aka ƙare da sulhu.

Masu adawa da rabawa suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Chrome ba ya kawo kuɗi da kansa, kuma duk wanda ya saye shi zai nemi hanyar mayar da jarinsa a jikin masu amfani da shi. Kuɗin da Google ke biya su ne mafi yawan abin da ke riƙe da Mozilla, mai manhajar Firefox. Kuma mutane na taruwa ne inda 'yan'uwansu suke, don haka ko an raba dandali biyu, ɗaya na iya sake haɗiye jama'ar.

Amma akwai inda wannan hujja ba ta da ƙafa, wato kasuwar talla. A Afrilun 2025 Mai shari'a Leonie Brinkema ta samu Google da laifin babakere a fasahar tallan intanet. Kamfanin ne ke da manhajar da jaridu ke sayar da gurbin talla da ita, shi ke da dandalin gwanjon, AdX, inda yake cire kusan kashi 20 cikin 100, kuma shi ke da kayan aikin masu saye. Kamar a ce sarkin kasuwa shi ne dillalin mai saniya, shi ne dillalin mai saye, shi ke yanke la'ada. A irin wannan tsari babu sharaɗin da zai hana son kai, domin son kan yana cikin ginin. A nan rabawa ita ce magani, kuma jaridun da kuɗin tallansu ke ƙafewa su suka fi kowa sanin haka.

Tara kam ba ta razana su. Tarayyar Turai ta ci Google tarar yuro biliyan 2.42 a 2017, ta ƙara fiye da biliyan 4 a 2018 kan Android, sannan biliyan 2.95 a 2025 kan talla. Ga kamfanin da ribarsa ta kai dala biliyan 100 a 2024, wannan kuɗin haya ne. Najeriya ma ta gwada: a Yulin 2024 hukumar kare masu saye ta FCCPC ta ci Meta tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan ƙasa. Amma mai sayar da atamfa a Kano da ke karɓar oda ta WhatsApp tana tallata kaya a Instagram, mai gida ɗaya take wa haya, kuma Abuja ba ta da ikon raba gidan.

Babban kuskuren an tafka shi ne tun ranar ciniki. Google ya sayi YouTube a 2006, ya kammala sayen kamfanin tallan intanet na DoubleClick a 2008 kan dala biliyan 3.1, wanda shi ne tushen ƙarfinsa a talla. Facebook ya sayi Instagram a 2012 kan dala biliyan 1, lokacin yana da ma'aikata 13 kacal, sannan WhatsApp a 2014 kan biliyan 19. Hukumomi sun duba, suka bari, duk da cewa tun 2008 shugaban Facebook, Mark Zuckerberg, ya rubuta a wani saƙon imel cewa saye ya fi gogayya. Abin takaici ne a ce hukumar da ta buɗe ƙofa, wato FTC, ita ce ta dawo kotu bayan shekara takwas tana neman a warware.

Yanzu ma cinikin na gudana, sai dai ya sauya salo, ya koma kan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira. Microsoft ya zuba biliyoyin daloli a OpenAI mai ChatGPT, Amazon da Google sun zuba a Anthropic, Meta ya sayi kashi 49 cikin 100 na Scale AI a 2025. Kamfanonin da Mehta ya dogara da su domin su ƙalubalanci Google, da yawansu a kan na'urorin waɗannan manya suke aiki, kuma da kuɗinsu suke numfashi.