A Potiskum, Ba Kowane Labari Ake Ce Wa Tatsuniya Ba

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk wanda ya taɓa zama a zangon shanu, ko a Agege ko a Badun ko a Shagamu, ya san direbobin Potiskum. Su ne ke kwana a hanya da manyan motoci suna sauke shanu a Kudu, in kuwa suka zauna hira bayan lisha sai a rasa mai tashi. In wani ya zuba labari ya wuce gona da iri, sai ka ji an ce, "Kai, wannan tatsuniya ce." Wani ya ce almara, wani ya ce labarin ƙanzon kurege. Ana faɗinsu kamar abu ɗaya ne, alhali kuwa kowace kalma da nauyinta, akwai ma wurin da in ka aza wata a gurbin wata, to, ka jawo wa kanka faɗa.

A ganina tatsuniya ta fi sauran gaskiya, domin ba ta ɓoye cewa shirya ta aka yi. Tun daga "ga ta nan ga ta nanku" kowane yaro ya san an bar duniyarmu an shiga ta Gizo da Ƙoƙi, inda kura ke magana. In an kai ƙurunƙus, mai bayarwa da bakinta take cewa ba domin Gizo ba da ta yi ƙarya. Aikin dare ce, aikin tsofaffi mata da yara, har akan tsorata yaro cewa wanda ya yi ta da rana zai ɓata a kasuwa. Sakkwatawa gatana suke ce mata.

Almara ta manya ce. Sau da yawa takan ƙare da tambaya, watau a kawo maka mutum uku kowa ya yi abin mamaki, a ce wa ya fi, a bar 'yan hira su raba dare suna gardama. Hikaya kuwa daga Larabci ta zo, a bakin malamai take, akan kawo ta cikin wa'azi domin darasinta, ba a matsa wa ko ta faru ko ba ta faru ba. Amma ƙissa ba ta cikin wannan sahu sam. Ƙissar Annabi Yusufu gaskiya ce tsantsa ga kowane Musulmi, kuma da sunan tatsuniya kafiran Makka suka jefi Alƙur'ani. Kada kuma a haɗa ta da kissa, wadda mata ke yi wa mazansu. Wannan wani fage ne daban.

Sai ƙage. A kasuwa in an ce an yi wa mutum ƙage, an yi masa sharri ke nan, magana ce da kan kai gaban alƙali. A makaranta kuwa "ƙagaggen labari" littafin hira ne da ake cin jarrabawa da shi. Ba da sauƙi aka kai ga haka ba. A 1933, lokacin da Dokta East na Ofishin Fassara a Zariya ya zaga yana neman masu rubuta labari daga kansu, sai da ya sha fama, domin a wurin malamai alƙalami na ilmi ne, shirya labari kuwa aikin mata da yara. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Kafin nan wani Bature, Frank Edgar, ya buga littattafai uku tsakanin 1911 da 1913, ya zuba tarihin sarakuna da karin magana da labarin Gizo duk a ƙarƙashin sunan tatsuniyoyi. Da Bahaushe ne da bai yi haka ba.

To, inda maganar ta fi zafi shi ne labarin asali, a nan kuwa Potiskum ta isa misali. Garin na Ngizimawa ne da Karekare da Bolewa da Ngamo da Hausawa da Fulani, har akwai babbar unguwa mai sunan Bolewa. Dattawan Bolewa sukan ce kakanninsu daga Yemen suka taso, suka yi ta yada zango har suka zauna a dutsen Daniski. Daga can aka sauko Fika a 1805, a 1924 kuma, zamanin Turawa, aka mai da hedkwatar masarautar zuwa Potiskum. Sarkin da ya hau a 2009, Alhaji Muhammadu Abali Ibn Muhammadu Idrissa, shi ne na 43 a lissafinsu. Ngizimawa su ma suna da nasu labarin na kafa garin da sarautarsa tun kafin zuwan Turawa, kuma a 2000 Gwamna Bukar Abba Ibrahim ya ƙara masarautun Jihar Yobe daga 4 zuwa 13, Masarautar Pataskum na cikinsu. Yanzu sarakuna biyu ke zaune a gari ɗaya.

A irin wannan gari, cewa labarin wani "tatsuniya ce" ba hira ba ce. Ma'anarta ita ce kakanninsa ba su riga kowa zuwa ba, sarautarsa ba ta da tushe. Shekarar 1924 tana cikin takardun gwamnati, kowa na iya dubawa. Tahowa daga Yemen kuwa ba ta da takarda, amma ba kakar wani ce ta shirya ta domin yara su yi barci ba. Masana Hausa na jami'a sun sama wa irin wannan suna, suna ce masa tarihihi, watau abin da ke da ƙashin tarihi amma baki ya yi ta ƙara masa nama. Nan Bayajida da macijiyar rijiyar Kusugu ta Daura suke, nan kuma labarin Barebari na Saifu ɗan Zi Yazan yake. Ku da ke zaune cikin Yarbawa kun sha jin na Oduduwa: wasu su ce da sarƙa ya sauko daga sama a Ife, wasu su ce daga Makka ya zo. Baƙon da ya ce wa mai masaukinsa wannan almara ce, ya tuna shi ma yana da maciji a rijiya.

Bolewa na da harshensu, Bo Pikka. Farfesa Russell Schuh na Amurka, wanda ya zauna a Potiskum a 1969 yana nazarin Ngizimanci, ya haɗa kai da Dokta Alhaji Maina Gimba suka yi ƙamus na Bolanci da Turanci da Hausa, aka fara buga shi a nan garin a 2004, suka kuma tattara tatsuniyoyin harsunan Yobe a rubuce. Sai dai a kasuwa da tasha da makaranta Hausa ce ke ci, yara da yawa ma da ita suke tashi, balle waɗanda aka haifa a Ikko. Da Hausa za su ji labarin Daniski, kuma kalmar da uba ya zaɓa a daren da ya ba su shi, ita za su riƙe.