Bayan jini ya zuba cikin ƙwaƙwalwa: a yi hattara da ciwon huhu

Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce. Ko dai jijiya ta toshe, ko kuwa ta fashe jini ya zuba cikin ƙwaƙwalwa. Ta biyun ta fi tsanani, kuma hauhawar jini, wadda ake ce ma tansiyo, ita ce babban mafarinta. Binciken SIREN da anka yi a Gana da Najeriya, wanda ya fito a shekara ta 2018, ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda sunka shanye, jijiya ce ta fashe musu.

To, wanda ya tsira a ranar farko bai gama fita haɗari ba. Cikin kwana 7 na farko ciwon huhu yakan biyo baya. Dalili shi ne, cutar tana raunana maƙogwaro. Yawu, ko ruwa, ko abinci, maimakon su bi hanyar ciki sai su ɓace su faɗa hanyar numfashi, wani lokaci ko tari babu. Nan ƙwayoyin cuta ke samun wurin zama.

Shin ana iya gane wanda ciwon zai kama tun bai zo ba? Lokotoro sun yi ƙoƙari. A shekara ta 2014 masana na ƙasar Sin sunka fito da wani ma'auni mai suna ICH-APS. Ana duba shekarun majinyaci, da shan taba, da yawan shan giya, da tsohon ciwon ƙirji mai toshe numfashi, da ko yana iya hidimar kansa kafin ya faɗi. Ana duba tsananin shanyewar, da wuyar haɗiya, da zurfin suma bisa ma'aunin Glasgow na 1974, wanda ke tashi daga 3 zuwa 15. Inda akwai na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, sai a ƙara da yawan jinin da wurin da ya taru. Kowane abu da lambarsa. In jimilla ta yi yawa, haɗari ya yi yawa. Galibin tambayoyin nan ba su bukatar na'ura, sai ido da kunne.

Amfanin ma'aunin shi ne a san wanda za a fi sa ma ido, ba a yi ta ɗura magani ba. A shekara ta 2015 manyan gwaje-gwaje biyu, ɗaya a Ingila ɗaya a Holan, sun nuna ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta tun ciwo bai zo ba bai rage ciwon huhu ba. Abin da ake dogara da shi shi ne kulawa: a gwada haɗiya kafin a ba da kome ta baki, a ɗaga kan gado, a riƙa wanke baki, wanda ya kasa haɗiya a ciyar da shi ta roba a hanci.

Nan ne maganar ta iso ga masu jinya. Tausayi kan sa a tallabi kan tsoho a ba shi kunu ko fura, don kada ya kwana da yunwa. Cokali guda na iya zama mafarin ciwon. Kada a ba shi ko kurɓin ruwa sai ma'aikatan gidan likita sun gwada sun yarda. In anka ga zazzaɓi, ko haki, ko murya ta jiƙe bayan haɗiya, a gaya musu nan take. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi.