Cinikin Wasan Na'ura: Saye Ne, Ko Kuwa Haya?



Ya ku malamai da attajirai masu karanta wannan fili, maganarmu ta yau a kan wani ciniki ce wanda yawancinmu ba mu ƙulla shi da bakinmu, amma da kuɗinmu ake yinsa, watau sayen wasannin bidiyo da samari ke bugawa a akwatin wasa ko a kwamfuta. Ba hukuncin wasan kansa za mu duba ba, wannan babi ne dabam. Abin da ya kawo mu shi ne, in kuɗi sun fita daga aljihu, mene ne ya shigo hannun mai saye a madadinsu?

Hanyoyin sayen biyu ne. Ta farko ita ce wadda kowa ya sani: mutum ya tafi kanti, ya ga faifai cikin kwalinsa, a yi ciniki, ya biya, ya ɗauka. Ta biyu kuwa babu kanti babu faifai, sai mutum ya buɗe asusu da sunansa a kasuwar kamfani ta intanet, ya biya ta kati, wasan ya sauko cikin na'urarsa. Babbar kasuwar irin wannan ga masu kwamfuta ita ce Steam, wadda kamfanin Valve na Amurka ya buɗe a shekarar 1 ga ƙarnin nan da ƙari biyu, watau 2003. Kamfanoni kuwa nan suke kora mutane, domin sa'ad da Sony ta fito da akwatinta PlayStation 5 a shekarar 2020, iri biyu ta yi: mai ramin faifai dala 499 a Amurka, marar rami dala 399. Wanda ya zaɓi mai araha ya rufe wa kansa ƙofar kanti.

Kada a ce mun zalunci hanya ta biyu. Tana da sauƙi: babu tafiya, babu faifan jabu, babu faifan da ya karce, kuma ana yawan yin rangwame mai yawa. Har wa yau tun 2015 Steam tana mayar da kuɗi ga wanda ya fasa cikin kwana 14, muddin bai buga wasan ya kai awa 2 ba, wannan kuwa ya yi kama da zaɓin da ake sharɗantawa cikin ciniki. Rashin ganin kaya ma ba shi ne damuwa ba, gama malamanmu na Malikiyya sun yarda da sayar da abin da ba ya nan bisa siffa, da sharuɗɗansa.

Damuwar tana wani wuri. Duk wanda ya karanta babin ciniki cikin Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ko Muhtasar na Halilu ya san bambancin bai'i da ijara. Bai'i yana mayar da zatin abu mulkin mai saye, ya sayar in ya so, ya kyautar, ya ba da aro, ya jinginar, in ya mutu magada su raba. Ijara kuwa amfani kaɗai take mallakarwa, zati yana nan ga mai shi, kuma a hayar abu sai an san kuɗi an san ajali. To, dubi littafin da kakanka ya saya a kasuwar Kurmi: mai sayarwa ya mutu, rumfar ta canja hannu, littafi yana nan a gafakarka, babu mai zuwa ya ce ka kawo. Faifan da wasa ke cikinsa cikakke kusan haka yake. Ko da shi ke haƙƙin kwafa yana ga kamfani, faifan kansa naka ne.

Amma mai saye ta intanet, in ya karanta doguwar takardar sharuɗɗan nan da kowa ke danna amincewa ba tare da ya duba ba, zai tarar an rubuta cewa izinin amfani aka ba shi, na kansa kaɗai, ba ya sayarwa, ba ya mayarwa ga wani. Ga shi an karɓi cikakken kuɗi kamar na bai'i, an ba shi amfani kamar na ijara, ajali kuwa ba a ambata ba. A ganina wannan ya fi kusa da haya marar wa'adi, wadda mai gida ke riƙe da mabuɗi, kuma jahiltar wa'adi ba ƙaramin abu ba ne a wurin malaman fiƙihu.

Wani zai ce wannan tsoro ne kurum. A'a, abin ya auku. Kamfanin Ubisoft na Faransa ya fitar da wani wasan tseren motoci mai suna The Crew a 2014, wanda ba ya tashi sai ya haɗu da manyan na'urorin kamfanin. A watan Disamba 2023 aka janye shi daga kasuwa, a ƙarshen Maris 2024 aka kashe na'urorin, wasa ya mutu a hannun duk wanda ya biya. Da waɗansu suka kai ƙara a Kalifoniya, amsar lauyoyin kamfanin ita ce, tun farko izini aka sayar musu, ba mallaka ba. Daga wannan ne wani Ba'amurke, Ross Scott, ya ta da gangamin da ake kira Stop Killing Games, har masu sa hannu a takardar kokensu ga Tarayyar Turai suka haura miliyan 1 a 2025.

Sa'an nan ga maganar da ta fi shafar malamai, watau gado. A 2024 ma'aikatan Steam suka amsa wa wani mai tambaya cewa asusu da wasannin cikinsa ba su komawa ga wani ta hanyar wasiyya. Ke nan mutum ya tara wasanni na kuɗi masu yawa shekara da shekaru, ya rasu, bisa sharaɗin kamfani magada ba su da ko anini a ciki. A Faransa wata ƙungiyar kare masu saye, UFC-Que Choisir, ta yi shari'a da Valve kan haƙƙin sake sayarwa. Kotun farko a Paris ta ba ta gaskiya a 2019, kotun ɗaukaka ƙara ta warware a 2022, babbar kotu ta tabbatar da warwarewar a 2024. Jihar Kalifoniya kuwa ta bi ta wata hanya: ta yi doka a 2024, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2025, cewa ba a yarda mai kasuwar intanet ya yi amfani da kalmar saye ba sai ya bayyana wa mutum a fili cewa izini ne yake karɓa. Ba ta hana cinikin ba, ta dai hana a kira shi da sunan da ba nasa ba. Tun Oktoba 2024 Steam ta fara rubuta wannan gargaɗi a wurin biya.

To, ashe sai kowa ya ruga kanti? A yi hattara, domin faifan zamanin nan ba duka ne ke ɗauke da abin da aka zana a kwalinsa ba. Waɗanda suka sayi The Crew a faifai, nasu ya mutu rana ɗaya da na masu intanet, suka rage da roba mai ƙyalli. Kamfanin Nintendo na Japan kuma, da ya fito da Switch 2 a Yuni 2025, ya zo da wani irin kati wanda babu wasa a cikinsa, mabuɗi ne kawai na sauko da wasan, ko da shi ke ana iya sayar da katin ko a ba da aronsa. A ɗaya gefen kuma akwai kasuwar intanet ta GOG a ƙasar Poland, wadda ke ba mai saye wasan ya ajiye a na'urarsa, ya girka ba tare da neman izini kowane lokaci ba. Saboda haka tambayar da ta fi amfani ita ce: in kamfani ya rufe ƙofarsa gobe, wannan abu zai tashi ko ba zai tashi ba?

Kantunan kansu suna ja da baya. Ribar mai kanti da yawa daga faifan hannu take, wanda ake saye a wurin wanda ya gama a sayar wa wani, kamfanin da ya yi wasan kuwa ba ya samun ko kwabo a ciniki na biyu. Shi ya sa a 2013 Microsoft ta yi niyyar taƙaita sayar da tsohon faifai a akwatinta Xbox One, jama'a suka yi ca, ta janye cikin watan Yuni na shekarar. Abin da ƙarfi bai yi ba sauƙi ya yi shi: a 2024 kantunan GAME na Ingila suka daina karɓar tsofaffin faifai.

Yanzu ga 'yan kasuwarmu. Ƙasashen Afirka da yawa ba su cikin jerin waɗanda Sony ta buɗe wa shagonta na intanet, saboda haka samari kan buɗe asusu da adireshin wata ƙasa, waɗansu masu shaguna kuma kan zuba wa mutum wasanni daga asusunsu su karɓi kuɗi. Mai yin haka yana sayar da abin da shi kansa bai mallaka ba, ranar da aka rufe asusun kuwa wasannin duk wanda ya zuba wa suna iya kullewa. Wannan aibi ne da ya wajaba a bayyana kafin a karɓi kuɗi. Mai sayar da faifai shi ma ya faɗa wa mai saye ko wasan na cikin faifan cikakke, ko sai da intanet, domin galibi an rubuta a bayan kwali, kuma babban wasa yakan haura gigabait 100, kuɗin data kuwa mai saye ne zai biya.

Malamin da aka kira rabon gado, in ya tarar da akwatin wasa da faifai, ya sa a yi musu kuɗi cikin tarika kamar sauran kaya. Wasannin da ke cikin asusu kuwa kada a lissafa wa wani magaji su a matsayin rabonsa, sai an duba sharaɗin kamfanin da ke riƙe da su.