Kaskar Kifi: Baƙuwar Da Ke Zama A Bakin Kifin Teku

Jama'a, tsakanin Gwandu ko Kalgo da teku akwai tafiya mai nisa. Amma kifin teku yana zuwa har cikin tukunyarmu. Shi ne kifin ƙanƙara da motoci ke kawowa daga Kudu. Jefi-jefi mai gyaran kifi takan buɗe bakinsa ta tarar da wata halitta fara-fara ta maƙale a ciki. Wata sai ta tsorata ta zubar da kifin, kuɗin cefane ya tafi a banza. To, mu san wannan baƙuwa tukuna.

Yadda jikinta yake

Mu kira ta kaskar kifi, domin jini take tsotsa kamar kaskar shanu. Yawancinsu ba su kai tsawon ɗan yatsa ba. Jikinta yana da ɓawo, kuma kashi uku ne: kai, ƙirji da wutsiya.

A kai akwai ido biyu, da gashin baki huɗu, da bakin tsotso. Ƙirjin yana da gaɓa 7. Kowace gaɓa tana da ƙafa biyu. Ke nan ƙafa 14. A ƙarshen kowace ƙafa akwai ƙugiya mai kaifi. Da ita take riƙe naman kifi, ruwa ba ya iya ture ta. A ƙarƙashin wutsiya akwai wasu falle-falle kamar ganye. Da su take numfashi cikin ruwa.

Danginta

Masana sun rarraba halittu kamar yadda muke da ƙabila, da dangi, da gida. Hanya mai sauƙi ita ce ƙidayar ƙafa. Fara da kiyashi ƙafa 6 gare su. Gizo-gizo da kaskar shanu 8. Ƙaguwa 10, idan an haɗa da hannuwanta biyu masu cizo. Kaskar kifi kuwa 14.

Ashe ba 'yar'uwar kaskar shanu ba ce, sana'a ce kawai ta haɗa su. Ƙabilarta ita ce ta masu ɓawo, wato su ƙaguwa da jatan lande. Danginta masana suna kiransu Aisofoda, ma'ana masu ƙafafu iri ɗaya. Gidanta kuma Saimotoyide, mai iri fiye da 300. Yawancinsu a teku suke, har da tekun da ke gaɓar Afirka ta Yamma.

Wasu danginta sun bar ruwa. Ɗaga randa ko dutse a wuri mai laima, wataƙila ka ga wani ɗan abu mai ruwan toka yana gudu. Idan ƙafarsa 14, to ɗan dangin ne.

Rayuwarta

Uwa tana riƙe ƙwai cikin wata jaka a ƙarƙashin ƙirjinta. Idan 'ya'ya sun fito sai su yi ta iyo suna neman kifi. Wasu sukan maƙale a fata. Wasu su shiga ta gefen kai, inda kifi ke numfashi. Wasu su zarce cikin baki.

Ga abin al'ajabi. Kowacce namiji take fara zama. Idan ta girma sai ta rikiɗe ta koma mace. Shi ya sa akan same su biyu a kifi guda, babbar mace, ƙaramin namiji.

A shekarar 1983 wasu masana biyu a Amurka sun bayyana wani iri da ke tekun ƙasar Meziko. Takan tsotse jinin harshen kifi har harshen ya ƙanƙance. Sai ta zauna a gurbinsa, kifin ya ci gaba da cin abinci da ita a baki. Ikon Allah ke nan.

Ana iya cin kifin?

Ana iya ci. Kaskar kifi ba ta da dafi, kuma ba ta rayuwa a jikin mutum. Ba sammu ba ne, ba kuma aikin mai sayarwa ba ne. Kifin take cuta, takan sa ya rame ya ƙi girma. Masu kiwon kifi a tekun Bahar Rum sun sha asara saboda ita.

Uwargida, ga abin yi. Ki cire ta ki yar. Ki wanke kifin da ruwa mai tsabta. Ki dafa shi ya nuna sosai. Kifin da ya kamata a guda shi ne mai ɗoyi, wanda namansa ya saki, idan an danna da yatsa ya lotsa bai dawo ba.

Wanda ya karanta wannan ya karanta wa na gida. Malaman yaƙi da jahilci kuma su sa ɗalibai su ƙidaya ƙafar fara da ta ƙaguwa a aji. Gani ya kori ji.