Ƙona makiyaya: abin da toka ke bayarwa da abin da wuta ke ɗauka

A wajen rigakafin shanu kusa da Madawa, wani dattijo makiyayi ya tambaye ni: "Malam likita, a kudu ana sa wa daji wuta, sabuwar ciyawa ta tsiro. Me ya hana mu yi haka?" Ga amsar da na ba shi.

Idan ciyawa ta ƙone, toka kan bar potasiyam, kalsiyam da ɗan fosforas a saman ƙasa, ta kuma rage tsamin ƙasa na ɗan lokaci. Shi ya sa wurin da aka ƙona ke saurin yin kore. Amma sinadarin azot, wanda muke saye cikin takin yuriya, yana fara bin hayaƙi tun zafi ya kai kusan digiri 200, alhali ƙasar yashi irin tamu dama shi da fosforas take ƙaranci. Tokar ma ba ta zama: iskar hunturu ta kwashe wata, ruwan farko ya wanke saura zuwa korama.

Ƙasa kuma tana da rai. Akwai ƙwayoyin bakteriya da naman gwari da ido ba ya gani, masu ruɓar da karmami da kashin dabbobi su mai da su taki. Wasu na zama a saiwar gadagi suna jawo azot daga iska. Wutar ciyawa santimita kaɗan take dumamawa, don haka na ƙasa sukan tsira, amma na sama suna mutuwa, kuma naman gwari ya fi bakteriya jin jiki. Babbar asara ita ce abincinsu ya ƙone. Gara ma, wadda ke huda fako ruwa ya shiga, busasshiyar ciyawa take bi. In babu ita, ƙasa ta daskare.

A Gaya da gandun dajin W ruwa ya fi yawa, kuma akwai gamba mai saiwar da ke rayuwa shekara da shekaru. In an ƙona ta da wuri, ƙasa na da sauran laima, sai ta tofo. A Madawa, Buza da Keita kuwa, yawancin ciyawarmu, irin su ƙarangiya da burburwa, ta damina ɗaya ce. Wadda ta ƙone a Nuwamba ba ta dawowa sai Yuni ko Yuli. Wata bakwai ke nan garke ba kiwo. Mu ne ke ganin sakamakon: nono ya ragu, shanu su kasa ɗaukar ciki, wasu su kama tauna ƙashin mushe saboda ƙarancin fosforas, abin da kan jawo musu shanyewar jiki.

Wasu na cewa wuta na kashe cuta. Tana rage kaska na ɗan lokaci, amma ƙwayar ciwon saifa da ta harbin daji kan yi shekaru cikin ƙasa, wutar ciyawa ba ta isa gare su. Kariyarsu allura ce kowace shekara, da binne mushe da zurfi.

Ƙonawa mai tsari a yankinmu amfaninta ɗaya: ƙona siririn layi tsakanin hanyoyi biyu da aka share, don tare gobarar daji. A yi shi da sassafe ko da yamma, iska a kwance, da sanin ma'aikatan gandun daji da hakimin gari.

Tun 1984 aikin raya ƙasa na Keita ya sa mutane, akasari mata, jera duwatsu da dasa itatuwa don farfaɗo da tuddan da suka mutu. Ashana ɗaya na iya mai da wannan wahala baya. Gara a yanke ciyawa a kimsa tun tana da ɗanye-ɗanye, a bar saura ta rufe ƙasa.