Me ya sa kwarin Korama ya fi birnin Damagaram sanyi?

A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura maki 40 a birnin Damagaram. Amma duk wanda ya gangara kudu, zuwa gonakin rake na kwarin Korama wajen Kance da Matamai, ya san iskar can ta fi sauƙi. Rana ɗaya ce ke dukan wuraren biyu, bambancin yana ƙasan da take sauka a kai.

An gina Damagaram bisa dutse, kamar yadda manyan duwatsun unguwar Birni ke nunawa. Dutse na shan zafi yini guda, da dare kuma ya amayar da shi, haka ma kwalta da siminti. Shi ya sa ɗaki ke kwana da zafi. Dutsen nan kuma ba ya ajiye ruwa, dalilin da ya sa ake jawo ruwan famfon birnin daga nesa, kamar Gogo da Ganaram.

A Korama kuwa ƙasar yashi ce mai shanye ruwan damina, kuma a wurare da dama mita biyu ko uku za a haƙa a cimma ruwa. Itatuwa da rake na zuƙo ruwan nan su sake shi ta ganye. Kafin ruwa ya zama tururi sai ya ci zafi, saboda haka iskar wurin ke yin sanyi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa.

Siffar kwarin ma na da tasiri. Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, don haka a daren hunturu takan gangaro daga tudu ta kwanta a kwari. Masu lambu sun san asubar fadama ta fi ta jigawa sanyi da raɓa.

Sai dai wannan ni'ima na iya gushewa. Bayan farin 1973 da na 1984 itatuwa sun yi ƙaranci, iska ta samu filin kwasar yashi tana zubawa a fadamu. Daga baya manoman Magarya, Matamai da Mirya suka rungumi sassaben zamani, wato barin tsiron itace ya girma cikin gona, musamman gawo. Gawo na zubar da ganye da damina, ya bar hatsi ya samu rana, da rani kuma ya yi ganye ya rufe ƙasa da inuwa, ya rage ƙarfin iska.

Abin ya shafi mazauna birni kai tsaye. Yawancin itacen girkin da ake saye a kasuwa daga karkara yake fitowa, kuma idan sara ya fi tsiro yawa, yashi zai binne fadamun da ke kawo rake da kayan lambu. A cikin gari ma, bedi guda a ƙofar gida na hana rana dukan bango, ɗaki ya fi daɗin kwana.