Ƙananan halittun da ke riƙe da dazuzzukan Arewacin duniya

Duk lokacin da ake labarin ɗumamar yanayi a ƙasashen sanyi, hoton da ake nuna mana a talabijin bai wuce na duwatsun ƙanƙara suna ɓarewa suna faɗawa teku ba. Ba a cika waiwayar abin da ke faruwa a cikin ƙasa ba, taƙi ɗaya kacal ƙarƙashin tafin ƙafa, alhali kuwa a nan ne wani babban ɓangare na lamarin yake.

Akwai wani daji da ya yi wa saman duniya ɗamara. Ya taso daga Norwe da Suwidin da Finlan, ya ratsa Rasha har bakin tekun Fasifik, ya tsallaka zuwa Alaska da Kanada. Rashawa na ce masa taiga, kuma shi kaɗai ya kai kusan kashi 30 cikin ɗari na dukan dazuzzukan duniya. Galibin itatuwansa ganyensu siriri ne mai tsini, cike da danƙo, ba ya ruɓewa da wuri. Ƙasar wurin tana da tsami, ga sanyi na wata shida ko fiye. Saboda haka abin da ya faɗo daga bishiya sai ya yi ta taruwa shekara bayan shekara, har ya zama shimfiɗa mai kauri a kan ƙasa. Wannan ne ya sa yawancin sinadarin kabon da dajin ya tara yana cikin ƙasa ne, ba a jikin itatuwa ba. Muddin yana kwance a can, bai dami kowa ba. Idan ya ruɓe ko ya ƙone ya koma iska, sai ya ƙara wa duniya zafi.

A ƙasashenmu gara ce ke cinye karan dawa da busasshen itace ta mayar da su ƙasa. A can babu gara, sanyi ba ya barin ta. Aikin yana hannun wasu halittu ne marasa ƙashin baya, waɗanda da yawansu sai da madubin ƙara girma ake ganinsu sosai. Akwai wata farar tsutsa siririya, 'yar uwar tana, masana na kiran fitacciyar cikinsu Cognettia sphagnetorum. Ita ba ta ma cika damuwa da yin ƙwai ba: tsinkewa take yi gida-gida, kowane yanki ya zama sabuwar tsutsa. Akwai wasu ƙananan ƙwari marasa fiffike masu tsalle da wani ɗan maƙale a ƙarƙashin cikinsu. Akwai kuma dangin kaska masu taurin baya, waɗanda ba sa shan jini, sai cin funfuna da ruɓaɓɓen ganye. A fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya ana iya samun farar tsutsar nan dubun-dubata, dangin kaskar kuwa sukan haura dubu ɗari. Wani babban binciken da aka buga a 2019 ya nuna cewa tsutsotsin nematod, waɗanda suka fi duk sauran ƙanƙanta da yawa, sun fi cunkushewa ne a ƙasashen sanyin Arewa, ba a kurmin da ke kusa da tsakiyar duniya ba kamar yadda mutum zai zata.

Amfaninsu ba zato ba ne, an gwada an gani. Masu bincike biyu 'yan Finlan, Heikki Setälä da Veikko Huhta, sun shuka 'yan itatuwa a ƙasar daji iri biyu, ɗaya da waɗannan halittu, ɗaya an raba ta da su. A sakamakon da suka fitar a 1991, itatuwan da ke tare da halittun sun fi girma. Dalilin a fili yake. Su ne ke daddatsa ganye, su yi kiwo a kan funfuna da bakteriya, kashinsu kuma ya saki sinadarin naitirojin da saiwa ke buƙata. A dajin da wannan sinadari ke da ƙaranci, wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

To, yankin Arewa mai nisa yana ɗumama da saurin da ya zarce na ko'ina. Masana yanayi na Finlan sun lissafa a 2022 cewa daga 1979 zuwa 2021 yankin Aktik ya ɗumama kusan ninki huɗu na matsakaicin duniya, kuma dajin taiga maƙwabcinsa ne na kusa. Mai karatu zai ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama, halittar da sanyi ya takura wa ta samu sauƙi. Abin bai zo da wannan sauƙin ba.

Mu fara da dusar ƙanƙara. Ga waɗannan halittu, dusar ƙanƙara bargo ce. Idan ta sauka da wuri ta yi kaurin rabin mita, iska a sama tana iya kaiwa digiri 30 ƙasa da sifiri, amma ƙasar da ke ƙarƙashi tana nan dab da sifiri, har wasu ƙwarin na ci gaba da ɗan motsi da kiwo. Idan kuwa hunturu ya zo da ɗumi, dusar ta makara ko ta narke a tsakiyar lokaci, sai ƙasa ta zauna a buɗe. Daren da sanyi ya dawo da ƙarfinsa, sai ya shige ta kai tsaye ya daskarar da ita zuwa zurfin da ba a saba ba. Wato duniya na ƙara zafi, ƙasar dajin kuma na ƙara daskarewa. A dajin gwaji na Hubbard Brook da ke jihar New Hampshire ta Amurka, tun ƙarshen shekarun 1990 masu bincike suka riƙa kwashe dusar ƙanƙara da shebur daga wasu filaye don su ga abin da zai faru. Ƙasa ta daskare, ƙananan saiwoyi sun mutu, naitirojin ya tsiyaye ya bi ruwa, daga baya kuma aka ga ƙwarin da ke cikin ruɓaɓɓen ganye sun ragu a yawa da kuma iri. Irin wannan gwajin a Finlan ya nuna raguwar farar tsutsa da ƙananan ƙwari a inda aka bar ƙasa ba rufi.

Ba wai halittun ba su da dabara ba ne. Wata ƙaramar tana mai suna Dendrobaena octaedra takan cika jikinta da sukari idan sanyi ya matso, ta daskare ƙam, ta kuma farfaɗo idan ƙasa ta narke. Wasu ƙwarin kuma barin ruwan jikinsu suke yi ya fice, su ƙanƙance su bushe, don kada ƙanƙara ta samu abin kamawa a cikinsu. Sai dai waɗannan dabaru sun dace ne da hunturu mai tsari, wanda yake shigowa sannu a hankali ya zauna. Yau narkewa gobe daskarewa yana cinye musu guzurin da suka tara. Ga kuma ruwan sama da kan sauka a kan dusar ƙanƙara ya daskare ya zama faifai mai tauri, ya toshe wa ƙasa hanyar iska.

Amma in aka tambaye ni abin da ya fi yi musu barazana, zan ce fari ne, ba sanyi ba. Farar tsutsa da tana ta fata suke numfashi, dole fatar ta kasance da laima. Ƙananan ƙwarin ma fatarsu ba ta riƙe ruwa sosai. A Skogaby, kudu maso yammacin Suwidin, an kafa rumfuna a cikin daji aka riƙa tare ruwan sama a lokacin zafi shekaru da dama a jere. Kusan dukan rukunonin halittun sun ragu ƙwarai. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne bayan an cire rumfunan. Ƙwari masu tsalle sun fi saurin dawowa, amma dangin kaska, waɗanda wasunsu sai sun shekara ɗaya ko fiye kafin su balaga, sun daɗe ba su koma yadda suke ba. Fari na shekara ɗaya abu ne da za a iya jurewa. Wanda ke maimaita kansa kafin a gama farfaɗowa shi ke canja fuskar al'ummar ƙasa.

A arewacin jihar Minesota ta Amurka an haɗa ɗumi da fari a gwaji guda. An ɗumama filaye da fitilu daga sama da wayoyin lantarki a cikin ƙasa, wasu da digiri 1.7, wasu da 3.4, sannan aka rage wa wasu ruwan sama. Madhav Thakur da abokan aikinsa sun ba da rahoto a 2018 cewa ɗumi shi kaɗai bai ƙara wa halittun ci ba, amma da ya haɗu da ƙarancin ruwa, cinsu ya ragu da kusan kashi 14 cikin ɗari. A tsaunukan arewacin Ingila kuwa, inda ƙasa ke jiƙe kullum, an ga akasin haka: ɗumi ya sa farar tsutsa ta yawaita, kabon da ke fita daga ƙasa ya ƙaru. Ke nan ruwa ne alƙali. Inda ya ragu, ruɓewa ta yi jinkiri, itatuwa su rasa abinci, busasshen ganye ya taru yana jiran wuta. Inda ya wadata, ajiyar kabon ta fara zubewa.

Wutar kuwa ta zo. A 2023 gobarar daji ta cinye kusan hekta miliyan 15 a Kanada, hayaƙinta ya turnuƙe birnin New York a watan Yuni. Wuta ba baƙuwa ba ce a taiga, wasu itatuwan ma sai da ita 'ya'yansu ke buɗewa. Abin dubawa shi ne zurfin da ta ci. Idan ta lashe sama ta wuce, halittun da suka nutsa ƙasa sukan tsira su sake cika wurin. Idan shimfiɗar ta bushe har ƙasa, wuta ta cinye ta duka, to gida da abinci da mazauna sun tafi tare, kuma halittar da ba ta da fiffike ba ta dawowa daga nesa da wuri.

Akwai wani ɓangaren da hannun ɗan Adam ya fito ƙarara. Tun 1881 da Charles Darwin ya rubuta littafi a kan tana, duniya ta san ta da gyara ƙasa, kuma a gona haka abin yake. Amma dazuzzukan Kanada da arewacin Amurka sun tashi ne ba tare da ita ba, domin ƙanƙarar da ta lulluɓe yankin har zuwa shekaru fiye da dubu goma da suka wuce ta shafe ta. Turawa ne suka shigo da tasu cikin ƙasar tukwanen shuka da wadda ake zubawa jiragen ruwa don su yi nauyi. Da ƙafarta, in ana iya cewa haka, tana ba ta wuce mita biyar zuwa goma a shekara. Masu kamun kifi da ke zubar da ragowar tanar ƙugiya a bakin tafki, da tayoyin motocin katako da na haƙar mai masu ɗauke da ƙwanta cikin laka, su ne ke kai ta nesa. Idan ta shiga daji, cikin 'yan shekaru sai ta cinye shimfiɗar ganyen da ta ɗauki ƙarnoni tana taruwa, ƙananan ƙwari su rasa mafaka, tsirrai da dama su ɓace. Erin Cameron da Erin Bayne sun ƙiyasta a 2009 cewa tana ta riga ta shiga kusan kashi 9 cikin ɗari na yankin da suka bincika a arewacin lardin Alberta na Kanada, kuma cikin shekaru 50 tana iya kaiwa kusan rabinsa. A da, tsananin sanyi ne ke tare manyan nau'o'inta daga hawa Arewa. Yanzu wannan shingen yana sassautawa.

Can gaba kuma akwai ƙasar da ke zaune a daskare shekara da shekaru a Siberiya da Alaska da arewacin Kanada, wadda kabon da ke cikinta ya kai kusan ninki biyu na wanda ke cikin iskar duniya. Duk inda ta narke, bakteriya da funfuna da waɗannan ƙananan halittu ne za su fara shiga, kuma saurin aikinsu na daga cikin abin da zai nuna yawan iskar da za ta fita. Iskar nan ba ta tsayawa a kan iyakar Rasha ko Kanada. Tana cikin lissafin zafin da manomi a Maraɗi ko Katsina zai fuskanta.

Hana masunta zubar da tana a daji da wanke tayoyin manyan motoci abu ne mai yiwuwa, hukumomi a Minesota da Alberta sun daɗe suna wayar da kai a kansa. Masu saran katako ma suna iya barin rassa da ganye a ƙasa maimakon kwashe komai. Amma dusar ƙanƙara da ruwan sama ba a dawo da su da irin wannan mataki. Sai ƙasashen da suka fi ƙona gawayin ƙasa da man fetur da iskar gas sun rage, kuma Rasha da Kanada da Amurka, masu mallakar mafi yawan wannan daji, suna sahun gaba a cikinsu.